Tsallen Tayoyin Baya a Mota: Musabbabinsa da Hanyoyin Gyara Shi

Tsallen taya shi ne yanayin da tayoyin baya na mota ke kama ƙasa suna saki, suna kamawa suna saki da sauri, har su riƙa ɗagawa daga kan hanya suna dirowa. Direba yakan ji abin a kujerarsa tun kafin ya shiga kunnensa: bayan motar na karkarwa, bugu na tashi daga ƙarƙashi gaf-gaf-gaf, inji na ruri amma motar ba ta ci gaba yadda ya kamata. An fi ganin haka lokacin tashi da ƙarfi daga tsaye, ko hawan tudu da giya ta ɗaya, ko ƙoƙarin fita daga rairayi. Wani lokaci kuma yakan zo ne idan an taka birki da ƙarfi alhali motar ba lodi. Motocin da tayoyin baya ke turawa su suka fi fama da shi, wato a-kori-kura irin su Hilux, da bas irin Hiace, da Land Cruiser, da manyan motocin ɗaukar kaya.

Direbobi da yawa suna ɗaukar wannan tsalle a matsayin halin mota kawai, abin da za a saba da shi. Wannan kuskure ne mai tsada. Duk lokacin da taya ta tashi sama, takan yi gudu fiye da ƙima domin babu abin da ke riƙe ta, sa'ad da ta diro kuma sai ta kama ƙasa farat ɗaya. Wannan fizga tana bi ta sandar aksul ta shiga haƙoran kiraun-wil da finiyan, ta wuce kuros ɗin farfela, ta isa giyabos. Ƙarfen da zai yi shekaru yana ɗaukar nauyi a natse yana iya karyewa cikin 'yan daƙiƙoƙi idan ana dukansa haka. Abin da ya fi wannan muni shi ne, tayar da ke sama ba ta da riƙo ko kaɗan. Idan tsallen ya zo a kan kwana ko a jiƙaƙƙiyar kwalta, bayan motar na iya zamewa gefe kafin direba ya ankara.

Fahimtar musabbabin abin tana farawa ne daga yadda aka ɗaura aksul ɗin baya a jikin mota. A yawancin motocin kaya, aksul ɗin dogon bututu ne guda ɗaya mai ɗauke da tayoyin biyu, an ɗaure shi da yu-bol a tsakiyar sifirin mai fallaye, kawunan sifirin ɗin kuma suna maƙale a shasi. Ana kiran wannan tsari da sunan Hotchkiss, wani kamfanin mota na Faransa da ya yaɗa shi tun farkon ƙarni na 20. Amfaninsa sauƙi da arha, domin sifirin ɗaya ne ke yin ayyuka uku: yana ɗaukar nauyin mota, yana riƙe aksul a wurinsa kada ya matsa gaba ko baya, sannan yana hana bututun aksul juyawa. Matsalar tana cikin aiki na ukun nan.

Ƙa'ida ce a ilimin motsi, wadda Isaac Newton ya bayyana a 1687, cewa duk abin da ya tura wani abu, shi ma ana tura shi baya da irin wannan ƙarfin. Idan inji ya murɗa tayoyi gaba, bututun aksul yana neman murɗawa baya da ƙarfi daidai da wancan. Ƙarfin ba kaɗan ba ne. A ɗauki misalin injin da ke ba da murɗi na ma'auni 300, a ma'aunin da ake kira Nm. Giya ta ɗaya tana ninka shi kamar sau 4, kiraun-wil ya sake ninkawa kamar sau 4. Abin da ke isa tayoyi ya kai 4,800, kuma wannan duka shi ne ke neman juya bututun aksul. Hancin aksul, wato inda farfela ta shiga, sai ya ɗaga sama. Rabin sifirin na gaba ya lanƙwashe sama, rabin baya ya lanƙwashe ƙasa, sifirin ɗin ya ɗauki siffar harafin S.

A wannan lokacin sifirin ya zama tamkar ɗanar baka da aka ja: ƙarfi na tare a cikinsa yana jiran a sake shi. Taya na ci gaba da riƙe ƙasa har murɗin ya fi ƙarfin riƙonta, sai ta zame. Da ta zame, sifirin ya warware da ƙarfi, ya fizgo aksul, ya ɗaga tayar. Tayar ta diro, ta sake kama ƙasa, sifirin ya sake nannaɗewa, a koma gidan jiya. Muddin direba bai ɗaga ƙafa daga totur ba, haka abin zai yi ta maimaituwa sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya.

Akwai wani abu da ke ƙara rura wutar. Taya cike da iska ita ma sifirin ce, kuma aksul da wili da birki nauyi ne da ke zaune tsakanin sifirin biyu, na ƙarfe a sama da na iska a ƙasa. Duk nauyin da ke tsakanin sifirin yana da saurin lilo na kansa. A yawancin motoci, taya da aksul sukan yi wannan lilo kimanin sau 10 zuwa 15 a daƙiƙa, alhali gangar jikin motar tana yin nata sau ɗaya ne zuwa ɗaya da rabi. Duk abin da ya riƙa zungurar taya daidai da wannan saurin nata, ko murɗin inji ne ko gargadar hanya, zai sa lilon ya yi ta girma. Na'urar da aka sa domin kashe shi ita ce shokazoba. Sifirin yana tara ƙarfi ya mayar, shokazoba kuwa tana tilasta wa mai ya bi ta ƙananan ramuka, ta mayar da motsin ya zama zafi. Idan ta mutu, babu mai tsawata wa tayar.

Masu ƙera motoci sun daɗe da sanin wannan ciwo, kuma tarihin maganin da suka nema yana da amfani ga makanike. Wata tsohuwar dabara ita ce a saka farfela cikin wani bututu mai ƙarfi da aka ɗaure da aksul, ta yadda murɗin zai bi bututun ya isa bayan giyabos maimakon ya faɗa wa sifirin. Ford Model T ta yi amfani da ita, haka kuma Peugeot 404 da 504, motocin da kamfanin PAN ya harhaɗa a Kaduna daga 1975. Tsoffin kanikawan da suka ƙware a kan waɗannan motoci sun san wannan bututu sarai. A Amurka kuwa, inda aka riƙa ɗora manyan injuna a kan sifirin mai fallaye a shekarun 1960, matsalar ta fito fili. Chevrolet Camaro ta 1967 ta zo da sifirin mai falle ɗaya a kowane gefe, kuma ta yi suna wajen tsallen taya. A 1968 sai aka canza zaman shokazoba: ɗaya a gaban aksul, ɗaya a bayansa, domin duk inda bututun ya nemi juyawa ya tarar da mai tare shi. Har gobe ana ganin wannan tsari a ƙarƙashin motocin a-kori-kura da yawa. Kamfanin Chrysler shi kuma ya gajarta rabin sifirin na gaba ya ƙara masa tauri, ya kuma kafa wata roba a saman hancin aksul wadda ke tokare bodi idan hancin ya ɗaga da yawa. A tsakiyar shekarun 1980, Ford ta ƙara wa Mustang wasu shokazoba biyu a kwance, aikinsu kawai kashe wannan murɗi. Duka dabarun nan manufarsu biyu ce: a rage lanƙwashewar da ke tara ƙarfi, a kuma kashe abin da ya taru kafin ya zama lilo. Gyaran gareji ma a kan waɗannan biyun yake tafiya.

Kafin a ɗauki sifana, wajibi ne a tantance irin karkarwar, domin cututtuka da dama suna kama da juna. Tambayar farko ga direba ita ce: yaushe abin ke faruwa? Idan karkarwar tana zuwa ne a wani gudu na musamman a kan kwalta mai kyau, kamar kilomita 80 zuwa 100 a awa, ko an taka totur ko ba a taka ba, to galibi rashin balansin ne ko tayar da ta kumbura ko wilin da ya lanƙwashe. Lissafin a bayyane yake: tayar da kewayenta ya kai kimanin mita 2, a gudun kilomita 90 a awa tana juyawa sau 12 da rabi a daƙiƙa, wato daidai saurin lilon da aka ambata. Idan karkarwar tana zuwa ne daidai lokacin da ake sakin kuloci, ta kuma ɗauke da zarar an gama saki, tayoyi kuma ba su zame ba, to a duba faifan kuloci, wataƙila mai ya taɓa shi ko ya ƙone. Idan a kan gargada ne bayan motar ke rawa yana zamewa gefe, shokazoba ce abin tuhuma na farko. Amma idan bugun yana zuwa ne sa'ad da aka ba da wuta sosai a ƙaramar giya, ya kuma tsaya nan take da an sassauta totur, wannan shi ne tsallen murɗin aksul na ainihi. Mutum na biyu da ke tsaye a gefe, nesa da hanyar motar, zai iya ganin tayar tana dukan ƙasa, kuma a kan burji tana barin sawu a yanke, tabo-tabo.

Bincike yana farawa daga taya, domin ita ta fi arha kuma ita aka fi mantawa. A auna iska da geji tayar tana sanyi, a kwatanta da abin da kamfani ya rubuta a jikin ƙofar direba ko a littafin mota. Masu faci da yawa sukan cika taya har ta yi tauri kamar yadda ake yi wa motar da za ta ɗauki cikakken lodi, sannan motar ta yi ta yawo wayam da wannan iskar. Tayar da iska ta yi mata yawa tana taɓa ƙasa da ɗan ƙaramin wuri, tana saurin zamewa, tana kuma saurin tashi. Daga nan sai a shafa fuskar tayar da tafin hannu a kewaye. Idan an ji tudu da kwari a jere, kamar an riƙa ɗibar robar da cokali, alama ce cewa tayar ta daɗe tana tsalle, kuma kusan kullum shokazoba ce ta sake ta. Tayoyin baya biyu su kasance girma ɗaya, iri ɗaya. Haɗa sabuwa da tsohuwar da ta suɗe yana sa ɗaya ta riga ɗaya zamewa.

Shokazoba tana da alamomin mutuwa da ido ke gani. Ɗan danshin mai a saman jikinta ba komai ba ne, amma idan man ya gangaro har ƙasa, ƙura ta manne masa ta zama baƙin kwaɓi, ta gama aiki. A duba robobin kunnuwanta na sama da ƙasa, domin shokazoba mai lafiya da robarta ta cinye ba ta fara aiki sai aksul ya riga ya motsa. Gwajin da aka saba, na danna bayan mota a saki a ga ko za ta tsaya bayan lilo ɗaya, yana da amfani a ƙananan motoci, amma a a-kori-kura mai taurin sifirin ba ya nuna komai, domin nauyin mutum ba ya motsa ta. Abin da ya fi shi shi ne a yi tafiyar 'yan kilomitoci a hanya mai gargada, a tsaya, a kai hannu a hankali kusa da jikin kowace shokazoba, ana kiyaye bututun salansa. Mai aiki za ta yi ɗumi. Wadda ta zauna da sanyi alhali 'yar'uwarta ta ɗumama, ba ta yin komai. Idan za a canza, a canza biyun tare, kuma a sayi mai tsawo da ƙarfin da ya dace da motar. Tsohuwar shokazoba da aka wanke aka fesa wa fenti tana iya yin kyau a ido alhali cikinta fanko ne, don haka a matsa ta a ja ta da hannu a tsaye kafin a biya: tilas a ji turjiya daga farko har ƙarshe, ba tare da wani wurin da ta wuce salin-alin ba.

Sauran binciken a ƙarƙashin mota ake yinsa, kuma a nan akwai maganar rai. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A sa ƙafafun ƙarfe na tokare mota a ƙarƙashin shasi, a kan daɓe mai ƙarfi, a kuma sa waigi a tayoyin gaba. Bulo na siminti yana fashewa ba tare da gargaɗi ba.

Wurin da ya fi cancantar a daɗe a kai shi ne inda aksul ya haɗu da sifirin. Yu-bol ne ke matse su, kuma matsin nan shi ne ke mayar da fallaye da aksul abu guda. Idan notinan sun saki ko da kaɗan ne, aksul yana samun damar girgiza a kan kujerarsa, kuma murɗin da ya kamata sifirin ya tare tun daga farko sai ya samu filin gudu. Alamar ba ta ɓuya ga mai lura: jan gari na tsatsa mai laushi da ke fitowa daga tsakanin fallaye ko gefen farantin yu-bol, da wani wuri mai ƙyalli inda ƙarfe ke gogar ƙarfe. Ana iya ja layi da alli daga kujerar aksul zuwa sifirin, a zaga da motar, a dawo a duba. Idan layin ya rabu biyu, aksul na motsi. Sakin yu-bol ne ke karya santa-bol, ƙusar da ke ratsa tsakiyar fallaye, kuma idan ta karye aksul yakan goce gefe ɗaya, motar ta riƙa tafiya a karkace. Yu-bol ɗin da aka taɓa ɗaurewa da cikakken ƙarfi ya riga ya miƙe, zarensa kuma ya canza, don haka masu ƙera sifirin suna cewa a sa sabo duk lokacin da aka kwance. A ɗaure notinan bi da bi, a gicciye, da sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri, gwargwadon abin da littafin motar ya faɗa. Bayan motar ta yi 'yan kwanaki tana aiki a sake bin su, domin fallaye sukan zauna su bar sarari.

Daga nan sai kawunan sifirin. A cikin idon kowane kai akwai bushin, kuma na gaba shi ne ke ɗaukar dukan turin da ke tafiyar da motar. A sa dogon ƙarfe a banƙara idon: roba mai lafiya takan ɗan ba da kai ta dawo, wadda ta mutu kuwa za a ga ta tsattsage, ko ƙusar ta koma gefe ɗaya, ko a ji ƙarfe na taɓa ƙarfe. Wurin sa sabon bushin ne ake yawan yin wani kuskure da ke kashe shi cikin 'yan watanni. Bushin na roba ba ya juyawa a kan ƙusarsa, robar ce ke murɗewa. Idan aka ɗaure shi tamau motar tana sama tayoyi na reto, da an sauke ta robar za ta zauna a murɗe har abada. Ƙa'idar ita ce a kama notin sama-sama, a sauke motar ta tsaya da ƙafafunta, sannan a ƙarasa ɗauri.

Su kansu fallayen suna gajiya. Motar da ta shekara tana ɗaukar buhunan hatsi fiye da ƙarfinta, sifirinta yakan miƙe ya rasa gantsarewarsa, wani ma ya juya ta ɗaya gefen. A nemi tsagewa kusa da ido da kuma kusa da yu-bol, a kuma tabbata ƙananan maɗauran da ke riƙe fallaye kada su buɗe suna nan, musamman na rabin gaba, domin su ne ke sa fallayen su yi turjiya tare sa'ad da aksul ya nemi juyawa. Ba a yi wa fallen da ya karye walda. Ƙarfen sifirin ya samu ƙarfinsa ne ta hanyar gashi da sanyaya na musamman a masana'anta, zafin walda kuwa yana lalata wannan, ya bar wurin da zai sake ɓallewa, sau da yawa a lokacin da motar ke ɗauke da kaya da mutane. Dukan falle da guduma domin a dawo da gantsarewarsa yana ɗaga mota na ɗan lokaci, amma ba ya mayar da ƙarfin da ya tafi.

Maganin da aka fi gaggawar kawowa a gareji shi ne a ƙara falle, kuma ya kamata a faɗi gaskiya a kansa. Ƙarin falle mai tsawo da ya kai kusa da idon gaba yana rage nannaɗewar sifirin, wannan haka yake. Sai dai yana ƙara taurin bayan motar gaba ɗaya, ta yadda idan ba lodi sifirin ba ya lanƙwasa, taya ce kaɗai ke shan hanya, motar ta riƙa tsalle a kan gargada fiye da dā. Kuma idan asalin matsalar mataccen bushin ne ko sakakken yu-bol, ƙarin falle bai taɓa ta ba, ya dai rufe ta. Ba ya ƙara wa aksul ko birki ko taya ƙarfin ɗaukar kaya. Haka nan ƙarfen da wasu ke sawa tsakanin aksul da sifirin domin ɗaga mota: duk tsawon da aka ƙara yana nesanta aksul daga sifirin, yana ba murɗin hannu mai tsawo na lanƙwasa shi. Motar da ta fara tsalle bayan an ɗaga ta da irin wannan ƙarfe, ba sai an yi dogon bincike ba.

Ɗaga mota ko canza sifirin yana kuma canza kusurwar hancin aksul. Kuros ɗin farfela biyu, na gaba da na baya, suna son kusurwarsu ta zama ƙarama kuma kusan daidai da juna, bambancin bai fi kamar digiri 1 ba. Idan sun saɓa, farfela tana juyawa da fizga a kowane zagaye. Ana gyara wannan da siririn ƙarfe mai siffar waigi da ake sawa tsakanin kujerar aksul da sifirin, bayan an auna kusurwa. A wannan zagayen ne za a girgiza farfela da hannu a ji ko kuros ya yi lako-lako, a duba robar da ke riƙe tsakiyarta, da robobin da inji da giyabos ke zaune a kai. Injin da ke tsalle a mazauninsa yana aika fizga zuwa baya kamar yadda taya ke aiko ta gaba.

Sai an tabbatar duk waɗannan suna lafiya, kuma motar tana tsalle har yanzu, sannan ake maganar ƙarin ƙarfe. Haka kan faru a motar da aka sa wa injin da ya fi nata na asali, ko manyan tayoyi. Maganin shi ne sandar hana murɗi. Iri mafi sauƙi ana ɗaure ta a ƙarƙashin farantin yu-bol ta miƙa gaba, da dunƙulen roba a bakinta. Idan aksul ya fara juyawa, robar ta tokare idon sifirin na gaba, juyin ya tsaya. Wani irin kuma doguwar sanda ce daga aksul zuwa shasi, mai ɗan lilo a kanta na gaba. Aikin nan na buƙatar awo, domin aksul ba ya hawa da sauka a miƙe, yana bin wani lanƙwasasshen layi da sifirin ya tsara masa. Sandar da tsawonta da kusurwarta suka saɓa wa wannan layi za ta yi kokawa da sifirin a kowane rami, har ta tsage shasi ko ta ɓalle waldarta. A kuma kiyaye bututun man birki da wayar birkin hannu kada sandar ta taɓa su.

Motocin da ke da sifirin mai murɗi a baya, ko waɗanda kowace tayar baya ke motsi ita kaɗai, kamar tsarin hannuwa biyar da Mercedes ta fito da shi a ƙirar 190 a 1982, ba su da fallayen da za su nannaɗe, amma su ma suna tsalle. A wurinsu robobi ne ke tara ƙarfin: bushin na hannuwan da ke riƙe taya, da manyan robobin da suka haɗa ƙaramin firam ɗin baya da bodi, da waɗanda ke riƙe akwatin kiraun-wil. Taya ta ja gaba, roba ta miƙe, taya ta zame, roba ta dawo. Gyaran shi ne sabbin robobi. Akwai masu tauri na foliyuretan da ke rage motsin sosai, amma suna shigo da ƙara da girgiza cikin mota, kuma suna son giris na musamman. Hatta sandunan da ke juya tayoyi suna murɗewa su warware, shi ya sa a Corvette ZR1 ta 2009 aka yi na hagu da na dama da kauri daban, domin kada lilonsu ya zo tare. Ƙananan motocin da tayoyin gaba ke ja, irin su Golf da Corolla, tsallen tashi a gaba yake zuwa musu. Idan bayansu na tsalle, shokazoba ce ko taya.

Tsallen da ke zuwa lokacin birki murɗi ne ta ɗaya gefen: hancin aksul yana dunƙufar da kai ƙasa, nauyin mota kuma ya koma gaba ya bar tayoyin baya sakayau. A duba ko gangar birki ta daina zama da'ira, ko mai ya jiƙa takalman birki. A motocin kaya da yawa akwai wani bawul kusa da aksul, mai hannu da ke auna yadda bayan motar ya sauka, yana rage ƙarfin birkin baya idan ba lodi. Idan hannun ya ƙage da tsatsa, tayoyin baya na iya kullewa tun kafin na gaba su kama.

Saura hannun direba. Da zarar tsalle ya fara, abin yi shi ne a sassauta totur nan take, a bar tayoyi su zauna, sannan a sake ba da wuta a hankali. Nacewa da fatan motar za ta wuce wurin shi ne ke karya aksul. A rairayi mai zurfi, kamar hanyoyin da suka ratsa arewacin Nijar, direbobi sukan rage iskar taya domin ta baje ta hau saman yashi, su tashi da giya ta biyu idan ƙasa ta ba da dama, su kuma mayar da iskar da zarar sun koma kan hanya mai tauri, domin taya mai ƙarancin iska tana zafi a guje har ta fashe. A-kori-kura wayam ta fi saurin tsalle, don haka ɗan nauyin da aka ɗaure da kyau daidai saman aksul yana taimakawa. Lodi kuwa a shimfiɗa shi tsakanin aksul da kan mota, domin kayan da aka tara a can ƙarshen bodi suna rage nauyin tayoyin gaba, suna kuma gajiyar da rabin sifirin na baya.